Jinya a gidan mutane: ƙa'idojin da ba na sassautawa

Sana'ata ita ce tura masu jinya gidaje a cikin Kano, su kula da manyan da ciwo ya kwantar. Yawancinsu dattawa ne da hawan jini ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki, an sallamo su daga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, 'ya'ya kuma kowa na wurin neman abinci. A asibiti akwai likita, akwai mai zagayen duba aiki. A gida kuwa mai jinya baƙuwa ce, masu gida ke da iko, kuma a nan wahalar aikinmu take.

Babban abin da nake tsoro shi ne gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Sai ka ji babbar 'ya ta ce, "Haba, a bar Hajiya ta huta mana, yanzu barci ya ɗauke ta." Tausayi ne, na sani, amma wannan hutun ne ke huda fata. Kullum da safe mai jinya za ta duba ƙasan baya, kwankwaso, kafaɗa da diddige. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka nake koya musu su sa hannu su taɓa: wurin ya fi sauran jiki duhu? Ya yi ɗumi ko tauri? To ciwo ya fara, ko da fata ba ta fashe ba. Ga ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari. A zafin Afrilu, da ma'auni ke haura 40, mutum ya jiƙe sharkaf a kanta. Dole a ɗora mata zanin auduga, a sauya shi da zarar ya yi laima.

Sai ciyarwa. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya na ba shi wuya, abinci ya bi hanyar iska ya zama ciwon huhu. Ba a ba shi komai a kwance. A zaunar da shi sosai, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, bayan an gama ya ƙara minti 30 a zaune. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya ga da yawansu. Har rubutun sha ma haka muke yi da shi. Ba ni da ja da addu'a, amma ruwa ne, a zaune za a sha.

Inda muka fi samun saɓani da iyali shi ne magani. Mai jinyata ba ta allura, ba ta sa ƙarin ruwa, ba ta taɓa robar fitsari sai dai ta zubar da jakar ta tabbatar tana rataye ƙasa da marar majinyaci. Waɗancan aikin nas ne mai lasisin hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, muna da wadda muke kira. In an ce mata, "Ai kin saba gani, yi mata kawai," amsarta ɗaya: a kira ni. 'Yan dubiya kuma kowa da jiƙon da ya zo da shi a gora. Kowane gida akwai littafi a gefen gado, ana rubuta magani da lokacinsa, awon jini, abin da aka ci, bayan gida. Abin da likita bai san da shi ba, ba da hannunmu za a ba da shi ba. Mai ciwon suga in awon sugansa ya sauka ƙasa da 70 mg/dL yana farke, yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi. In ya fita hayyacinsa ba a sa masa komai a baki, sai asibiti.

Ɗaukar ma'aikata ba na gaggawa: masu tsayawa biyu, takardar mai unguwa, mace ga mace, namiji ga namiji. Ba ɗaukar hoton majinyaci, ba riƙe katin bankinsa ko da shi ya miƙa. Nakan faɗo gida ba sanarwa, in fitar da kowa, in durƙusa in ce, "Baba, yaya ake yi da ku? Ana yi muku faɗa?" Dattijo ba ya kai ƙara a gaban wanda ke yi masa wanka.

Su ma ma'aikatan ina kare su. Ba 'yan aikin gida ba ne da za a tara musu wanke-wanke, kuma mutum mai jiki ba a ɗaga shi sai mutum biyu. Wannan na ƙara kuɗi, wasu gidajen sukan ce ya yi tsada su nemi wani. Nakan roƙe su dai, ko wa suka ɗauko, su sa dadduma marar santsi da kujera a banɗaki kafin ya fara aiki.