Daren da aka mayar mini da liƙina

Dala ashirin ce, sabuwa fil, daga albashina na biyu a Washington. Har yau tana cikin fasfona. Na kasa kashe ta, na kuma kasa haɗa ta da kuɗin da nake aikawa gida.

Ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, wanke-wanke da yankan albasa. Wani Bature da muke aiki tare, wanda ya kusa sa'an Baba, ya lura daga aiki sai masallaci sai ɗaki, ba na zuwa ko'ina. Ya ce ɗansa mai kiɗan ganga ne, suna da wasa daren Asabar a wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci, ba a shan giya a wurin, in zo. Na je don kada in watsa masa ƙasa a ido.

Irin kiɗan su post-hardcore suke ce masa. Gita biyu, gita mai kauri guda, ganguna, sai mawaƙi da ke ihu kamar an taka masa ƙafa. Da farko na ɗauka rigima za ta ɓarke. Can sai komai ya yanke tsit, aka bar mai ganga shi kaɗai yana riƙe da kiɗan, a hankali, a hankali, sannan duka suka faɗo tare a bugu ɗaya. Tsikar jikina ta tashi. Ni ɗan gidan kiɗa ne, na san hannun da ya iya. Ban san sanda na ratsa mutane na hau na liƙa wa yaron dala ashirin a goshi ba. Gumi ya riƙe ta.

Ya tsayar da kiɗan. Ɗakin ya yi shiru, kowa ya zuba mini ido. Ya cire kuɗin, ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi ya ce ai na riga na biya a ƙofa. Babu wanda ya yi dariya, amma na so ƙasa ta tsage. A wurinmu ba a mayar da hannun kyauta baya, balle a bainar jama'a. Na fice, na tsaya a tashar bas cikin sanyi ina jin kamar an mare ni. Kwana uku ban yi wa uban yaron magana ba.

Shi ya same ni a bayan kicin. Ya ce wallahi ba wulaƙanci ba ne, tarbiyyar da suka gada ce daga wasu makaɗan garin nan, Fugazi. Mutum huɗu: Ian MacKaye, Guy Picciotto, Joe Lally da Brendan Canty. Sun fara wasa a 1987. Kuɗin shiga galibi dala biyar ne, yaro da babba kowa na iya shiga, ba sa sayar da riguna masu sunansu. Idan wani ya fara bangazar mutane a cikin taro, sai su tsayar da kiɗa, in ya ƙi ji a mayar masa da dala biyar ɗinsa ya fita. Manyan kamfanonin faifai sun yi ta binsu da kuɗi, suka ƙi, suka zauna a ƙaramin kamfanin Dischord da MacKaye ya kafa da abokinsa Jeff Nelson tun 1980. Shi Baturen kansa ya sha kallonsu kyauta a filin Fort Reno lokacin yana saurayi. Sun yi wasa fiye da 1,000, na ƙarshe a Landan a 2002, daga nan suka dakata har yau.

Tun daga ranar nake saurarensu a bas ɗin dare. Cikin faifansu, Repeater na 1990 ya fi shiga raina. In on the Kill Taker na 1993 ya yi mini zafi da yawa, sai in ina cikin fushi. The Argument na 2001, na ƙarshensu, shi ne na hankali, kamar manya sun zauna hira. Turancin ba duka nake kamawa ba, hannun Canty nake bi, da wata ƙararrawa da yake dokawa a tsakiyar kiɗa.

Kuma duk sanda na ji shi, Baba nake gani. Shekara da shekaru yana rataye da kalangu, yana bin mahauta da gidajen biki a Gusau. Da liƙin nan aka biya mini kuɗin makaranta, da shi aka sayi buhun gero duk kaka. A makaranta ɗan maroƙi suke ce mini, har na riƙa canza hanya in na hango shi da kalangu. Wannan abin yana cina yanzu fiye da kunyar daren nan. Ga Turawa sun riƙe kiɗa da mutunci har ana koyi da su, ni kuwa nawa uban, da hannunsa bai gaza na kowa ba, na guje shi.

Na kira shi ran Juma'a na ba shi labari duka. Ya ce, "To su wa suke yi wa kiɗan? Wane ne ubangidansu?" Na ce babu, Baba. Ya yi shiru, ya ce, "Kuma suna cin abinci?" Na ce suna ci. Ya ce, "Yaron da ya mayar maka da kuɗin, kada ka riƙe shi. Amma kai ma ba ka yi laifi ba, ɗan nan."

Yatsunsa sun daina lanƙwasuwa yanzu, kalangun na rataye a zaure fatar ta bushe. Inna ta karɓi wayar ta ce an sa bikin ƙanwata bayan babbar Sallah, dangin ango sun ce mai kiɗan sifika za su ɗauko, Baba bai ce komai ba. Ta tambaye ni ko zan samu zuwa. Na ce mata takarduna ba su fito ba tukuna.