Minti goma na shirme: sana'ata a Gusau

Mu shida ne, kuma duk kayan aikinmu buhu ɗaya ke ɗaukarsu a bayan mashin: rawani, carbi, tsohuwar babbar riga, gyale biyu da tabarma. Wasan kwaikwayo muke yi, ni ke rubutawa. Makarantu ne suka fi kiranmu ranar raba kyaututtuka, sai ƙungiyoyin wayar da kai, sai walima jefi-jefi. Ƙauye kam mun daina kwana, saboda halin da hanyoyin Zamfara ke ciki.

Gajerun wasannin kwaikwayo nake yi, waɗanda mutane ke kira shirme. Ba na jin haushin sunan. Wani malamin jami'a ya taɓa gaya mini cewa a Faris, a 1953, an yi wasan da mutum biyu ke jiran wani wanda bai taɓa zuwa ba, har aka mai da irinsa fanni guda. Na ce madalla, amma ni a wurin 'yan kama na koya, masu naɗa rawani su zauna kamar malamai suna tafsirin tuwo da miya, da kuma yaran tashe da ke fitowa in azumi ya kwana goma.

Dokata ɗaya ce: ƙarya guda tak a kowane wasa, sauran duka gaskiya. Wanda ya fi kawo mana kuɗi shi ne na inuwa. Mutum ya ari inuwar darbejiyar maƙwabcinsa da hantsi, ya mayar da la'asar, sai aka tarar ta koma gabas kuma ta ƙara tsawo. Suka tafi gaban mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, yamma na ba shi ita."

"To kai, mi ya kai ta gabas?"

"Wallahi Baba, ban taɓa ta ba. Ƙari ma ta yi."

Nan mai inuwa ya tubure, wai ƙarin kuɗin ruwa ne, shi ba ya cin haram. Aka aika a kawo igiya a auna, kafin ɗan aike ya dawo magariba ta yi, inuwar ta ɓace, shari'a ta koma ta sata.

Shafi huɗu ne kacal a littafin makaranta, amma sai da na yi mako uku ina yanka. Rubutun ma ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce hana ɗan wasa murmushi. Mai unguwan da ya yaƙe baki ya kashe wasan, domin dariyar tana fitowa ne daga yadda ya ɗauki maganar da muhimmanci, yana jan carbi yana gyaɗa kai. Na taɓa sallamar yaro mai baiwa saboda wannan, har yanzu abin na cina.

Rigimata da masu ba da kwangila ita ce saƙo. Sai su ce a ƙarshe wani ya fito ya yi bayanin darasi. Wata ƙungiya ta riƙe rabin kuɗinmu wata biyu don na ƙi. Yanzu tun wurin ciniki nake faɗa: janareto da lasifika nasu, jawabi ma nasu, amma sai mun naɗe tabarma.