Laraba: Kyautar Sarki, Wa Zai Fassara Ta?

Tun asuba hankalina yana Ingila ta ƙarni na 13. Darasin ƙarfe goma na tarihin shari'a ne, kuma batun yau shi ne yadda alƙalan wancan zamani suke auna faɗin kyautar sarki. Idan sarki ya ba mutum gandu ko gari, ya rubuta a fata ya buga hatimi, me da me ya shiga cikin kyautar, me kuma ya rage a hannun mai bayarwa? In aka karanta wa ɗalibai wannan daga takarda, kafin minti goma rabin aji na hamma. Ina shan koko ina neman ta inda zan ɓullo masa.

Uwargida ce ta ba ni bakin zaren. Da na gaya mata abin da nake fama da shi, sai ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, a garinsu mutum kan sayi gona amma ɗorawar da ke tsakiyarta ba tasa ba ce, in kalwa ta nuna wasu ne za su zo su kaɗe. Na ce to, Allah ya yi miki albarka, kin gama mini rabin aiki. Da shi na buɗe darasin, kuma duk ajin suka gane nan take: mallakar ƙasa daban, mallakar abin da ke kanta daban.

A Ingila ta lokacin, abin da ake jayayya a kai ya fi itace nauyi. Mai gandu zai ce yana da ikon kafa itacen rataya, ya rataye ɓarawon da aka kama da kaya a hannu a cikin ƙasarsa. Zai ce shi ke duba, sau biyu a shekara, ko kowane namiji da ya kai shekara 12 yana cikin rukunin mutum goma masu lamunin juna. Shi ke cin tarar mai burodi da mai giya in suka tauye awo. Dabbar da ta ɓata ba a san mai ita ba tasa ce, kayan jirgin da ya nutse teku ta turo gaɓa nasa ne, farautar zomo da makwarwa tasa ce shi kaɗai. Mafi girma a ciki shi ne wanda zai ce wakilin sarki na lardi ba shi da ikon taka ƙasarsa, duk sammacin da ya fito daga fada sai dai a miƙa wa mutanensa su zartar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗin shiga ne, kuma kowane ɗaya iko ne a kan talakawa.

Sarki Edwad na Ɗaya ya dawo gida a watan Agusta 1274, bayan yaƙin da ya je Gabas, ya tarar da mulkin da mahaifinsa Henri na Uku ya bari cike da ɓaraka, musamman bayan yaƙin basasar shekarun 1260. A Oktoba na shekarar ya aika masu bincike gunduma-gunduma, ana rantsar da mutanen wuri ana tambayarsu wa ya ci haƙƙin sarki. Fiye da rabin gundumomin ƙasar a lokacin suna hannun manyan mutane da gidajen rahibai ne. A 1278 dokar Gulosta ta ce duk mai da'awar irin wannan gata ya bayyana gaban alƙalai masu rangadi ya faɗi hujjarsa, wanda bai zo ba a karɓe gatan zuwa hannun sarki. Sammacin da ake aikawa sunansa kwo waranto, wato tambaya ce guda: da wane izini?

Nan na tsaya na daɗe, don nan ne naman yake. Mutum ya zo da takardarsa, tsohuwa, hatimi na lilo. Ana tsammani magana ta ƙare. Ina! A nan ma ta fara. A tsakanin mutum da mutum, ƙa'idar ita ce idan kalma ta yi harshen damo a takardar kyauta, a fassara ta a kan mai bayarwa, tunda shi ya zaɓi kalmominsa. Amma in sarki ne mai bayarwa sai a juya ƙa'idar: duk abin da ba a ambata da sunansa ba, bai fita daga hannun sarki ba. Misalin da na fi so shi ne na gandu da cocinsa. Idan wani attajiri ya ba ka gandu ya ce har da duk abin da ke rataye da shi, ikon gabatar da limamin cocin da ke gandun ya biyo ka. Idan sarki ne ya rubuta kalmomin nan daidai wa daida, ikon bai biyo ka ba sai in an faɗe shi ƙarara. Wannan yana rubuce a wani tsohon jerin haƙƙoƙin sarauta da alƙalai suka riƙa aiki da shi kamar doka. Kalma ɗaya, tawada ɗaya, ma'ana biyu, ya danganta da hannun da ya buga hatimi.

Lauyoyin sarki sun ƙara da wata. In ka ce kakanninka sun daɗe suna rataye ɓarayi a wurin nan tun ba a haifi kakan sarki ba, sai su ce daɗewa ba ta cin haƙƙin sarki, tsawon lokaci ma ƙara wa laifin nauyi yake yi. In ka kawo takarda mai tsofaffin kalmomin Ingilishi na kafin mutanen Nomandi ta Faransa su ci Ingila da yaƙi a 1066, sai su ce kalmomin gama-gari ne, ba su ambaci abin da kake da'awa ba. In kuma komai naka ya cika, sai a duba yadda ka yi aiki da gatan. Mai ikon hukunta masu burodi da aka samu ba shi da turu, tara kawai yake karɓa yana sawa aljihu, ana iya ƙwace gatan, ya biya kuɗi kafin a mayar masa. Babban littafin shari'ar nan da ake jingina wa alƙali Birakton, wanda ya rasu a 1268, ya faɗi tushen abin ba kunya: alƙalai ba su da ikon yin gardama a kan takardar sarki, in shakka ta taso a jira fassarar sarki, domin wanda ya kafa abu shi ke fassara shi.

Da na faɗi wannan wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malam, wato shi ne mai kyauta, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali?" Na ce kin taƙaita darasin, saura bayani.

Sai da na ba su labarin takobi, don kowane malami yana bayarwa. Wani marubucin tarihi na zamanin ya ce da aka tambayi Jon na Waren, hakimin Sari, da wane izini yake riƙe da ƙasashensa, sai ya zaro tsohon takobi mai tsatsa ya ce ga izininsa, da shi kakanninsa suka ci ƙasar tare da sarki Wiliyam na Nomandi a 1066, kuma da shi zai kare ta. Masana tarihi da yawa suna shakkar aukuwar abin. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne hujjar da ke ciki: sarki bai ci ƙasar shi kaɗai ba, saboda haka ba komai ne ya fito daga kyautarsa ba. Wannan ya ci karo da ginshiƙin lauyoyin sarki, cewa duk wani iko a ƙasa daga gadon sarauta ya gangaro. Samarin bayan aji kuwa takobin kawai suka ji, har da tafi.

Ƙarshen rigimar sulhu ne. Shari'o'i sun yi ta jan ƙafa, alƙalai suna ɗagewa saboda su kansu ba su daidaita a kan ko daɗewa hujja ce ba. A 1290, lokacin da sarki ke cikin bashi kuma yana bukatar manyan ƙasa, aka yi dokar da ta ce wanda ya nuna shi da magabatansa suna amfani da gatansu ba yankewa tun 1189, shekarar da Richad na Ɗaya ya hau gado, za a bar masa, masu takarda kuma a yi musu hukunci bisa abin da takardar ta ƙunsa. Daga nan 1189 ta zauna a shari'ar Ingila a matsayin iyakar abin da ake kira tun fil azal. A 1294 yaƙi da Faransa ya taso, aka jingine binciken. Abin da sarki ya ƙwato bai taka kara ya karya ba. Amma bayan haka ba wanda ya ƙara ƙirƙirar wa kansa itacen rataya cikin dare ya ce gado ne.

Ana dab da tashi wani ya ɗaga hannu ya yi tambayar da nake jira: "Malam, mu me ya haɗa mu da wannan?" Na ce abu biyu. Na farko, kotunanmu na Najeriya sun gaji shari'ar Ingila da dokokinta na gama-gari kamar yadda suke ranar 1 ga Janairu 1900, saboda haka tarihinta ba na baƙi ba ne ga lauya a nan. Na biyu, kamfanin Neja da ya riƙe bakin kogi da takardar Sarauniya Biktoriya ta 1886, jikan waɗancan takardu ya riƙe. Takardar ta hana shi kankane ciniki, amma ya yi amfani da lasisi da kuɗin fito ya kori kowa, har mutanen Biras na bakin kogin suka kai wa Akasa, sansanin kamfanin, hari a 1895. A nan mai karɓa ne ya faɗaɗa kyauta, mai bayarwa ya kau da kai, don faɗaɗawar ta yi masa daɗi. Da bukata ta canza aka janye takardar, aka biya kamfanin diyyar fam 865,000.

Bayan azahar na tarar da Farfesa a ofis yana cin gyaɗa. Shi ya koyar da ni wannan kwas ɗin, kuma har yau in na shiga sai na rusuna. Na ba shi labarin tambayar ɗalibar nan, ina jin daɗi. Ya ce, "Kai ma ka biye mata ko? To wa kake tsammani ake ratayewa a itacen nan, sarki ko talaka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, talaka."

Ya ce to in haka ne, ƙuntata fassarar kyautar sarki ba zalunci ba ne. Abin da sarki ke bayarwa ba rigarsa ba ce, ikon hukunta mutane ne, kuma bai kamata irin wannan ya sulale zuwa hannun wani ta hanyar kalma mai harshen damo ba. Ya kawo misalin kasuwa: takardar izinin kasuwa takan zo da sharaɗin kada ta cutar da kasuwannin maƙwabta, kuma littafin Birakton ya ƙiyasta tazarar da mil shida da kashi biyu cikin uku, wato sulusin tafiyar yini ta mil 20, don mutum ya je, ya yi ciniki, ya dawo kafin dare. Ya ce wannan tunanin mai kula da jama'a ne, ba na ɗan fashi ba.

Na yarda da rabin maganarsa, na kuma gaya masa haka cikin ladabi. Ƙa'idar tana da hujja. Inda nake da ja shi ne hannun da ke riƙe da ita. Da don talaka ake yi, da gatan da aka ƙwace bai koma wa mai shi ba da zarar ya biya tara, amma sau da yawa haka aka yi: itacen rataya yana nan inda yake, wanda ake ratayewa bai canza ba, baitulmali ne kawai ya ƙaru. Kuma Gilbat na Tonton, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka fi matsa wa masu gata a madadin sarki, shi aka naɗa babban alƙalin kotun sarki a 1290, bayan an tuɓe Ralf na Hengam bisa zargin rashin gaskiya. Wanda jiya yake tsaye yana cewa takardarka ba ta isa ba, yau shi ke zaune yana karanta ta. Farfesa ya yi dariya ya ce wannan matsalar naɗi ce, ba ta ƙa'ida ba. Na ce a wajen mai takarda duk ɗaya ne. Ya miƙo mini gyaɗa, alamar an rufe zance.

A hanyar gida, cikin cunkoson 'yan adaidaita, na tuna abin da ban samu faɗa a aji ba, kuma shi ya fi ba ni dariya a duk tarihin. Da masu neman kyauta suka gane shiru na sarki ne, sai suka daina barin shiru. Takardu suka yi ta tsawo, ana jera komai da sunansa, kurmi, fadama, tafki, injin niƙa, coci, tara iri kaza da iri kaza. Fada ta mayar da martani da hujjar cewa an yaudari sarki, bai san darajar abin da ya bayar ba, don haka kyautar ta ɓaci. A 1399, shekarar da Henri na Huɗu ya hau gado, aka yi dokar da ta tilasta wa mai roƙon ƙasa ko muƙami ya faɗi darajar abin da yake roƙo. Magatakarda kuma suka riƙa cusa jimlar cewa sarki ya bayar ne da alfarmarsa ta musamman, da cikakken saninsa, da ra'ayin kansa, don toshe wannan ƙofa tun kafin a buɗe ta. Duk lauyan da ya taɓa rubuta yarjejeniya mai shafi talatin a kan fili ɗaya ya san wannan tsoron.

Da magariba na tura wa wakilin aji aikin mako. Kowa zai ɗauki kansa magatakardan wani shugaban gidan rahibai a 1285, ya rubuta takardar kyautar gandu guda mai coci da kasuwar Talata da gaɓar teku, shafi ɗaya kacal. Ranar Laraba mai zuwa za su yi musaya, kowa ya zama lauyan sarki a kan takardar ɗan'uwansa, ya nemo abin da aka manta. Kafin in gama cin tuwo saƙo ya shigo daga ɗalibar layin gaba, tana tambaya ko an yarda ta rubuta da ƙananan haruffa don shafin ya ɗauki komai. Na ce an yarda, amma ni zan zama lauyan sarki a kan tata.