Shekara Biyar Ina Jigilar Yara Masu Koyon Kiɗa a Gundumar Leicestershire

Ranar da 'yata ta dawo daga makaranta rungume da wani baƙin akwati, a kakar shekarar 2018, ban san ta shigo mini da aikin da zai cinye safiyar Asabar ɗina har tsawon shekara biyar ba. Shekararta takwas a lokacin, tana aji huɗu na firamare a wata ƙaramar makaranta da ke gefen birnin Leicester na ƙasar Ingila, wanda mu da masu garin duka muke kira Lesta. Ta buɗe akwatin a tsakiyar falo, sai ga ɗan goge irin na Turawa, wanda suke kira biyolin, rabin girman na manya, da sandar da ake goga shi da ita, da wani dunƙulen ƙaro a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce, "Abba, aro aka ba mu, kowa a ajinmu ya samu nasa." Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne yadda zan yi wa mahaifiyata bayani a Zariya, domin sunanta yarinyar ta ci, kuma a gidan da na tashi kiɗa sana'a ce ta gado mai gidajenta, ba abin da jikar malamai take taɓawa ba ne. Da na gaya mata a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Wato takwarar tawa za ku mayar maroƙiya?" Na ce, "Hajiya, darasi ne a makaranta kamar lissafi, ba wanda za ta yi wa kirari." Ta ce, "To, Allah ya kyauta, amma kada ya taɓa mata karatun Alƙur'ani." A kan wannan sharaɗi muka tsaya, kuma ba mu karya shi ba.

Sai daga baya na fahimci inda gogen ya fito. A shekarar 2011 gwamnati ta fitar da tsarin koyar da kiɗa na ƙasa ga Ingila, a 2012 kuma aka kafa cibiyoyi na yankuna da kuɗinsu ke biyowa ta hannun hukumar Arts Council England mai tallafa wa harkokin fasaha, aka ɗora musu alhakin tabbatar da cewa kowane yaro ya samu damar koyon wani abin kiɗa tare da 'yan ajinsa na aƙalla zango guda, ya samu ƙungiyar da zai yi kiɗa a cikinta, kuma ya samu hanyar ci gaba idan yana so. A Leicestershire abin ya girme wannan tsari nesa ba kusa ba, domin tun a 1948 aka naɗa Eric Pinkett mai ba gundumar shawara kan kiɗa, ya fara tara yaran makarantu suna gwaji tare, har ƙungiyar makaɗan makarantun gundumar ta yi suna a ciki da wajen Ingila. Saboda haka malamar da ke zuwa ajin 'yata sau ɗaya a mako, da goge talatin a bayan motarta, gadon aiki ne na shekara saba'in take ɗauke da shi.

Shekarar farko ba ta da wahala, tunda a cikin aji ake yin komai kuma iyaye ba su biyan ko sisi. Wahalar tana farawa ne ranar da shekarar ta ƙare, aka karɓi kayan aro, aka aiko da takarda cewa duk mai son ɗansa ya ci gaba sai ya cike fom, ya biya kuɗin darasi da na hayar kayan kiɗa. A ajin 'yata yara ƙalilan ne suka tsallake wannan gaɓa, kuma na lura ba waɗanda suka fi iyawa ne suka tsallake ba. Waɗanda iyayensu suka karanta takardar, suka gane ta, kuma suke da mota, su ne suka dawo. Akwai rangwame ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, musamman waɗanda 'ya'yansu ke cin abincin makaranta kyauta, amma rangwamen da aka rubuta a ƙasan shafi na biyu da Turancin ofis bai isa kunnen uwar da ta zo ƙasar shekara uku da suka wuce ba. Aikina na farko, tun kafin kowa ya sa ni, shi ne zama da wasu iyaye biyu, ɗaya 'yar Somaliya, ɗaya ɗan Sudan, muna cike fom a ƙofar makaranta.

Ta haka na tsinci kaina a kwamitin iyaye na ƙungiyar masu koyo da 'yata ta shiga, wadda ke haɗuwa ranar Asabar da safe a zauren wata makarantar sakandare. Kafin a bar ni in zauna da yaran mutane sai da aka yi mini binciken DBS, wato tantancewar da ake yi wa duk mai aiki da yara a tabbatar ba shi da wani laifi a baya, abin da na ga ya dace ƙwarai. Ban iya karanta rubutun kiɗa ba, har yau ma ban iya ba, don haka aka ba ni rajista, da jera kujeru, da jigila. Jigilar ce ta buɗe mini ido a kan abin da kalmar gunduma take nufi. Wanda yake zaune a Lesta yana ganin komai kusa ne, amma daga Melton Mowbray ko Market Harborough zuwa birnin kimanin mil 15 ne, kuma bayan waɗannan garuruwa akwai ƙauyukan da motar haya ba ta shiga sai jefi-jefi, ranar Asabar da sassafe kuwa sai a yi ta jira ba a ga ko ɗaya ba.

A irin waɗannan ƙauyuka ne wani yaro yake, ɗan shekara goma sha ɗaya, mai busa ƙahon tagulla irin na 'yan badujala. Malaminsa ya ce bai taɓa samun mai kunne kamarsa ba, amma sai ya zo mako ɗaya ya ɓace mako biyu. Ni da rajista a hannu na yanke masa hukuncin lalaci, har na ba da shawara a ba wani gurbinsa. Allah ya sa jagorar ƙungiyar ta fi ni haƙuri, ta ce in buga wa gidansu waya tukuna. Ashe mahaifiyarsa ita kaɗai ke riƙe da shi, tana aikin kula da tsofaffi, kuma duk Asabar ɗin da aka sa ta aikin safe babu mai kawo shi. Kunya ta kama ni, domin gidansu bai fi tafiyar minti ashirin daga hanyar da nake bi ba. Daga wannan mako na fara tashi da wuri in biya in ɗauko shi, tare da wata uwa da ke raka ni saboda ƙa'idar kwamitinmu ta hana babba ɗaya ya ɗauki ɗan wani shi kaɗai. Yana shiga mota sai ya ciro bakin ƙahon daga aljihu, ya dunƙule shi a tafin hannu yana hura masa iska, wai ƙarfe mai sanyi ba ya ba da sauti mai kyau. A cikin shekara biyu da na yi ina ɗauko shi, sau ɗaya tak ya yi fashi, shi ma mura ce ta kwantar da shi. Bayan wannan muka zana taswirar gidajen yaran duka, muka haɗa kowane gida marar mota da gida mai mota, kuma a ganina babu wani abu da kwamitinmu ya yi da ya kai wannan amfani.

Sanyin ma ya koya mini nawa darasin. Wani dare a watan Janairu na bar goge shida a but ɗin mota saboda ƙyuyar shigo da su, da safe na kai su zaure mai ɗumi, muka buɗe akwatunan muka tarar duk sun saki, tsirkiya ɗaya ta tsinke, wani kuma ɗan katakon da ke tokare tsirkiyoyinsa ya faɗi. Malamar ta shafe rabin sa'a tana ɗaure su tana saitawa, yara shida suna zaune suna kallona. Ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Babban kuskurena dai a kan wasa a gaban jama'a ne. Da aka ba ni shirya taron ƙarshen zango na farko, sai na ce a fitar da waɗanda suka goge kawai, sababbi su zauna su kalla har su iya, don kada mu ji kunya a gaban iyaye. Taron ya yi kyau, aka tafa, amma da aka dawo hutu kusan rabin sababbin ba su dawo ba. Wata yarinya ta gaya wa 'yata cewa ba ta ga amfanin ta yi ta goga abu a ɗaki ba wanda zai ji ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, ta kuma tuna mini da abin da na sani tun ina yaro ban taɓa ɗaukarsa ilimi ba. Ɗan makaɗin kalangu a garinmu ba ya jira sai ya iya kafin a fita da shi. Tun yana ƙarami ake rataya masa kurkutu, ya bi mahaifinsa gidan biki ko bakin mahauta, yana buga abu guda ɗaya tak ba ya canzawa, manya suna yin gwaninta a kansa, idan ya kauce a harare shi ya dawo. A gaban mutane yake koyo, kuma tun ranar farko yana jin ana bukatar hannunsa. Na kai wannan bayani gaban jagorar, sai ta yi dariya ta ce ai akwai kiɗe-kiɗen da aka tsara musamman domin haka, inda sabon shiga zai riƙa goga tsirkiya biyu ba tare da ya danna ko yatsa ba, manya suna ɗauke da amon waƙar. Tun daga lokacin babu yaron da ya yi mako shida tare da mu bai hau dandamali ba.

Wurin taron ma sai da muka sake tunani a kansa. Da farko a birni muke yi, da yammacin ranar aiki, iyayen ƙauye kuwa ba sa samun zuwa. Muka koma zagayawa, wannan zango a zauren taron wani ƙauye, na gaba a wata makarantar firamare, wani lokaci a gidan kula da tsofaffi, inda masu sauraro ba sa gajiya da tafi ko da an yi kuskure. A zauren ƙauyen yaron nan mai ƙaho ne na ga kakansa, tsoho mai sanda, ya miƙe tsaye shi kaɗai tun kafin a gama. A lokacin akwai manyan dandamali, ba shakka: zauren De Montfort a Lesta, da bikin ƙasa da ƙungiyar Music for Youth ke shiryawa a Birmingham a watan Yuli, da wasannin da take yi a Royal Albert Hall a Landan a watan Nuwamba, inda yaran makaranta ke kiɗa a gaban dubban mutane. Yaranmu suna jin labarinsu suna kwaɗayi, kuma kwaɗayin yana da amfani. Amma waɗanda ke isa can kaɗan ne, alhali zauren ƙauye mai kujerun roba kowa yana isa gare shi.

Annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, muka koma Zoom, inda muka gane cewa ba a iya kiɗa tare ta intanet saboda sautin kowa yana makara, sai dai kowa ya kashe makirufonsa ya bi malama shi kaɗai. Masu bushe-bushe da masu waƙa su aka fi daɗewa ba a bari sun taru ba. Da aka buɗe, sai da muka bi gida-gida ta waya kafin ƙungiyar ta sake cika.

Game da jarrabawa ra'ayina ya rabu biyu. Hukumar ABRSM mai shirya jarrabawar kiɗa, wadda aka kafa tun 1889, tana da matakai takwas, kuma a jarrabawar da ake yi gaban mai dubawa maki 100 cikin 150 ne ci, 120 yabo, 130 kuma zarra. Daga mataki na shida zuwa sama sakamakon yana ƙara wa ɗalibi maki wajen neman jami'a, abin da ya sa iyaye irina, da muka taso da girmama takardar shaida, muke rungumar abin hannu bibbiyu. Ni ma na matsa wa 'yata, har ta shafe wata huɗu ba ta goga komai sai kiɗa uku na jarrabawa, ta ci mataki na uku da yabo, sannan ta rufe akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado. Abin da ya fito da shi ba lallashina ba ne, saƙon jagorar ne cewa saura mako biyar a yi wasa kuma layinsu ba shi da mai riƙe shi. Tun daga nan na daina tambayarta mataki nawa take, na koma tambayarta yaushe ne wasa na gaba.

Akwai kuma abin da sai da na yi magana aka lura da shi. A 2022 azumi ya faɗo a watan Afrilu, kuma an sa wani wasa da yamma daidai lokacin shan ruwa, alhali muna da yara Musulmi da suka fara azumi, cikinsu har da mai busa sarewa da leɓɓanta ke bushewa. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya duba kalandar ne. Na faɗa, aka matsar da lokacin, aka kuma ware ɗaki da dabino da ruwa. Wasu iyaye Musulmi sun gaya mini a fili cewa ba su yarda 'ya'yansu su yi kiɗa ba saboda fahimtarsu ta addini, ban kuma taɓa jayayya da su ba, domin ni ba malami ba ne, kuma na san daga inda maganar ta fito.

A bazarar 2023 na miƙa rajistar ga wata uwa 'yar asalin Gujarat da ɗanta ya shigo sabo, domin aikina ya koma na ƙarshen mako. Na ba ta taswirar gidajen, wadda ta sha gyara da biro kala uku, na nuna mata ƙauyuka biyu da har yanzu ba mu samu mai biyawa ta cikinsu ba. 'Yata kuwa ta kai girman cikakken goge, muka mayar da na aro, kuma a wasan ƙarshe da na halarta ina ɗan kwamiti na ɗauki bidiyonta na aika Zariya. Hajiya ta kira washegari bayan sallar asuba, ta ce ta kalla sau uku, sannan ta tambaye ni me ya sa aka zaunar da takwararta a layi na biyu.