Na je Numan duba Dogo

Shekaranjiya na dawo daga Numan. Gajiyar mota ba ta sake ni ba tukuna, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi a zuciyata.

'Yar abokina Dogo ce ta kira ni. Ta ce, "Baba, abokinka ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yau wata biyu. Shi ya hana a gaya maka." Dogo muke ce masa tun a Defo na Zariya, inda aka aske mana kai rana ɗaya. Shi Bachama ne, Kirista, ni kuma Bakano. Tare aka kai mu Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, muna Monrobiya a Oktoban 1992 lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka afka wa birnin. Ɓarɓashin bam ya same ni a cinya, Dogo ya saɓa ni a kafaɗa, da bindigata da tasa, har inda masu magani suke. Da azumi ya zo, shi yake karɓar mini gadi idan rana ta kusa faɗuwa don in sha ruwa a tsanake.

Uwargida ta ce in tura kuɗi kawai, hanya da nisa, ga shi ba ta manta rikicin da aka yi a yankin a 2017 ba. Na ce mata wanda ya ɗauke ka a kafaɗarsa ba a aika masa gaisuwa ta waya.

Bayan asuba na isa tashar Unguwa Uku. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban yi doguwar tafiya ba, don haka da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota sai da na ce ya maimaita. Kuma duk da tsadar, cusa mu aka yi a Sharon kamar buhunan masara. Har Gombe ba abin faɗa. A can na canja mota, muka bi ta Kumo, Billiri, Kaltungo. Duwatsun ƙasar Tangale sun burge ni. Mu da muka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, sai ido ya ƙi barin taga.

Gaba da Kaltungo muka tarar da shinge. Wani yaro mai kaki, wanda bai kai ɗan autana ba, ya sa aka buɗe but, ya shuri jakata da takalmi ya ce, "Kai tsoho, ta waye wannan?" Na ce tawa ce, zuma ce da dabino da kilishi na mara lafiya. Na nuna masa katina na tsohon soja. Ko karɓa bai yi ba, ya ce, "Wannan zamanin da ne." Ya amshi abin da zai amsa a hannun direba, ya juya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu samanjanmu ya koya mana cewa ko fursuna ka kama, in yana da furfura ba ka ce masa kai. Yaron nan bai san cewa shi ma wata rana zai cire kakin, ya zauna a bayan motar haya da jakar magani ba.

Da la'asar sakaliya muka wuce gonakin rake na Savannah, muka hau gadar Binuwai. A nan kusa ne Gongola yake zubawa cikinsa. Ga kwale-kwale, ga masunta suna jan koma. Zafin garin kuwa mai nauyi ne, ba irin busasshen zafinmu ba, riga tana manne wa mutum.

Na same shi a kujerar roba ƙarƙashin darbejiya. Mutumin da yake fin kowa tsawo a fareti ya koma kamar an naɗe shi, hannun dama a kan cinya, baki ya ɗan karkace. Na tsaya a gabansa, na ƙame, na sara masa. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya kai goshi. Hawaye suka zubo masa, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Maganarsa ba ta fita sosai, sunan jikokinsa ma sai ya yi ta lalube. Amma da na fara karanto lambarsa ta soja, kafin in kai tsakiya ya ƙarasa ta tsaf, ya kuma faɗi tawa.

Matarsa, wadda tun a bariki nake ce wa Madam, ta yi mini abin da ba zan manta ba. A ɗakin da ta sauke ni na tarar da sabuwar buta da sabuwar darduma, ko ledarta ba a cire ba, an kuma yi alama da alli a bango wajen alƙibla. Kazar da aka dafa, maƙwabcinsu Bafulatani ta kira ya yanka. Da safe ga kunun gyaɗa mai kauri da tsamiya, irin wanda a Kano muna dai kwaikwayo ne. Na san gidan ba wadata, fansho ba ya kai tsakiyar wata, maganin hawan jini kullum ƙara kuɗi yake, ga kuɗin motar zuwa Yola wajen masu gashin ƙashi. Na ce, "Madam, wahalar ta yi yawa." Ta ce, "Oga, tun da ya kwanta bai cinye abincinsa ba sai jiya." Kilishin kuwa 'yarsa ta hana, ta ce likita ya raba shi da gishiri, jikoki suka wawashe.

Kwana huɗu na yi. Kowace safiya nakan yi masa aski da reza, in shafa masa mai a hannun, in miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya yadda 'yar ta nuna mini. Ta ce yana ƙin tashi ya taka, kunya yake ji. Rana ta biyu na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta dama, na ce, "Kofur Dogo, tashi!" Na fara kiran lef, rai, lef, rai. Ƙafar tana ja, amma tana bin kira. Daga darbejiya zuwa ƙofar gida taku goma sha huɗu ne. Ranar da zan taho, sau uku muka je muka dawo.

Na leƙa kasuwa na sayi busasshen kifi. Abin da aka cika mini kwali da shi, a Kano rabinsa ba zan samu ba, kuma mai kifin da ta ji gidan da na sauka sai ta yi mini gyara da manya biyu. Na kira 'yan kwas ɗinmu uku da nake da lambarsu, na Jos da na Makurɗi da na Zuru, muka shirya abin da za mu riƙa haɗawa duk wata don zuwa Yola.

Dawowa ba labari. Taya ta fashe kusa da Cham, na kwana Gombe, washegari da azahar ina gida. Jiya da dare 'yar ta kira, ta kara masa waya a kunne. Ya ce, "Sha takwas."