Abin da aikin injin dizal ya koya mini

Hannun da ya saba da injin fetur, in mota ta ƙi tashi, fulogi yake fara nema. A injin dizal dole na bar wannan al'ada, domin babu fulogin da ke ƙyasta masa wuta. Iska zalla fistan ke matsewa, ninki 15 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Celsius, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Na fetur matsinsa bai cika wuce ninki 8 zuwa 12 ba. Hita fulogin dizal kuwa ɗumama silinda kawai yake yi lokacin sanyi.

Shi ya sa in ringin fistan ya cinye ko bawul ya daina rufewa sosai, matsi ya ragu, injin fetur yakan lallaɓa ya tashi, amma na dizal sai ya yi ta juyi yana fitar da farin hayaƙi. Haka ma in batir ya yi rauni, don juyin da ba sauri ba ya tara zafi.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne iska a layin mai. In tanki ya ƙare ƙarƙaf ko an canza filta, iska ta shiga, famfon da ke tura mai zai yi ta matse iskar, man bai kai nozul ba. Nakan sassauta ƙaramin kusoshin kan filta, in danna famfon hannu har kumfa ya ƙare, mai ya fito zalla, sannan in ɗaure. A tsofaffin injuna nakan ɗan sassauta bututun nozul ana juya inji. Kada a gwada haka a sababbi masu kwamfuta: matsin mansu yakan haura 1,600 a ma'aunin matsi na bar, yana iya huda fata.

Ba na wasa da tsabtar mai. Man dizal ɗin ne da kansa ke santsa cikin famfo, don haka ruwa ko fetur in ya shiga, ƙarfe ke goga ƙarfe, ɓarɓashin ya bi layi har nozul. Wanda ya zuba fetur bisa kuskure kada ya ko murɗa makulli. A zubar da man tankin duka, a canza filta.

Baƙin hayaƙi kuma, kafin in zargi nozul, filtar iska nake fara cirewa.