Batirin jirgi a tsakar gida yake mutuwa

Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, wanda nake ɗorawa kan tirela in ja da mota zuwa dam ɗin Tiga duk lokacin da na samu sarari. Zamansa a tsakar gida ƙarƙashin tamfol ya fi zamansa kan ruwa yawa, kuma a wannan zaman ne batir yake lalacewa. Batura biyu ne a ciki: ɗaya na tayar da inji, ɗaya mai jure dogon aiki, wanda ke riƙe fitilu da famfon kwashe ruwa.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne 'yar mitar awo. Batir mai ruwa na bolt 12, idan ya cika ya huta, 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa. Idan ya sauka 12.2, rabi ya tafi. Hutun nan yana da muhimmanci, domin batirin da aka cire daga caji yanzu yakan nuna 13 da wani abu, ya ruɗe ka. Ni sai ya kwana nake aunawa.

Batirin da aka bari ƙasa da 12.4 na makonni, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan darmar da ke cikinsa. Tun yana sabo caji na narkar da shi, amma da ya taurare shi ke nan, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa ranar da na dawo daga ruwa, komai gajiya, ba na kwanciya sai na jona caja. Kada ka ce injin ya cika shi a hanya. Wutar da ƙaramin inji ke bayarwa kaɗan ce, gajeren zagaye ba ya biyan abin da fitilu da famfo suka ci.

Sai zafi. Batir ko ba a taɓa shi ba yana zubar da caji a hankali, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin zubar. A bazarar Kano, da rana ke haura digiri 40, ƙarƙashin tamfol tamkar tanda ce. Na mayar da jirgin inuwa, na ɗage tamfol ɗin kaɗan iska ta ratsa, wanda hakan ma yana kore iskar da batir ke fitarwa lokacin caji, mai kama wuta.

Wutar lantarki a unguwarmu ba ta tsayawa, don haka na sa farantin sola na wat 20 da kwantirola a kan kowane batir. Kwantirolar nan dole ce. Ita ce ke tsayar da caji wajen 13.5 bayan ya cika. In babu ita ruwan batir tafasa zai yi ta yi har farantan darmar su bushe. Da hunturu ƙura ke rufe gilashin, sai na riƙa gogewa da tsumma mai laima.

Famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa yana jan wuta a ɓoye. Tunda jirgin kan tirela yake, ba na buƙatarsa: nakan zare toshiyar gindin jirgi, in ɗaga goshin tirela, ruwan damina ya zurare da kansa, sannan in kashe babban makunni.

Duk wata nakan buɗe murafun in leƙa. In ruwa ya ragu, tataccen ruwan batir kawai nake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Koren tsatsar da ke taruwa a kawunan batir kuwa, jiƙaƙƙiyar kanwa da tsohon buroshi suna cire ta, a kula dai kada kanwar ta shiga cikin batir, sai a shafa basilin. In za a cire wayoyin batir, wayar nagatif (mai alamar -) ake fara kwancewa, ita ake ɗaurawa a ƙarshe.